Farashin Bakin Ƙofa

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da mutanen gida duka. Mu ma nan lafiya, sai godiyar Allah. Matata da yara suna gaishe ka, Dogo mai taya ni aiki ma ya ce in miƙa tasa.

Wannan labarin na baki ne, amma tunda ƙarar injin wanki ta shekara ashirin ta tafi da kunnuwanka, dole sai takarda ta hannun direban motar kasuwa. To, albishirinka. Na samu aikin da ban taɓa samun irinsa ba tun da ka bar mini injin. Wani masaukin baƙi ne, suna so a wanke musu daɓen haraba da jikin katanga, gaba da baya, kafin mai fenti ya shiga. Mai masaukin da kansa ya tsayar da ni a hanya da ya ga injin a kan amalanke. Muka tsaya a bakin ƙofa ana yayyafi, na leƙa na ga harabar ba ta da wata dauɗa ta a zo a gani. Na ƙiyasta kwana biyu, ni da Dogo, na faɗi kuɗi. Tun ban rufe baki ba ya ce ya yarda. Ya ba ni rabi a hannu, na sa hannu a takarda.

Abin da ya fi faranta mini rai, kasonka na wannan aikin shi zai cika kuɗin na'urar jin da kake tarawa tun bara. Na san ƙarshen wata likita ya ba ka rana, kuma sau biyu ana ɗagawa saboda kuɗi bai cika ba. Wannan karon ba za a ɗaga ba. Ina so in zo in yi sallama daga waje ka amsa, ba sai an taɓa maka kafaɗa ba.

Gobe za mu fara. A sa mu a addu'a.

Ɗanka mai biyayya.

Sarkin Gaggawa,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Innarka tana amsawa. Takardarka ta iso, na karanta sau biyu. Karatun farko na yi murna, na biyu murnar ta koma ciki.

Shekara huɗu kana riƙe mini tiyo. Ka taɓa ganin na faɗi kuɗi a bakin ƙofa? Ga tambayoyina, ka amsa su a jere. Ka zaga bayan ginin da ƙafarka? Ka buɗe famfonsu da hannunka ka ga ƙarfin ruwan? Ka wanke gwargwadon tafin hannu a daɓen don ka ga yadda dauɗar ke tashi? Ka ce ana yayyafi. Daɓe in ya jiƙa duk launinsa ɗaya ne, ba a gane mai tsabta da marar tsabta sai ya bushe.

Sai maganar yardar da ya yi ba ciniki. Mutumin da ya gina masauki ba wawa ba ne. In mai aiki ya yarda da sauri haka, wasu sun riga ka zuwa sun faɗi nasu kuɗin, kai ne ka zo masa da araha. Raina bai kwanta ba, ba zan ɓoye maka ba.

Ka gai da Dogo, ka tambaye shi ina yake lokacin da kake wannan cinikin.

Kawunka.

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum, tare da gaisuwa da ban girma. Allah ya ƙara lafiya.

Amsar tambayoyinka uku ɗaya ce: a'a. Dogo ba ya nan ranar, ya je jinyar matarsa. Da muka zaga baya da safen farko ya tsaya ya cire hula, ya sosa kai, ya dube ni. Ka san kallon Dogo ya fi zagi ciwo.

Bayan ginin ya ninka gaba sau biyu. Nan suke ajiye janareto tun da aka gina wurin, baƙin mai ya shiga daɓen ya zauna. Gefen ɗakin girki kuma maiƙo ne da gansakuka, sau biyu santsi yana kayar da ni. Na buɗe famfo ya yi tari ya ɗiga ya tsaya. Maigadi ya ce rijiyarsu ta lalace wata uku ke nan, ruwan baƙi ma saye ake yi, kuma an hana a ba mu ko bokiti. Ka ga ke nan ruwa ya ƙare wa ɗan kada tun bai shiga wanka ba.

Yau kwana huɗu. Tankar ruwa biyu na saya, ga man inji, ga sabulu mai ƙarfi, ga sallamar Dogo. Rabin da aka ba ni ya tafi, kuma ko sulusin bayan ba mu yi ba.

Jiya na cire kunya na samu mai masaukin a ofis. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi, ya saurare ni har na gama. Sai ya jawo takardar ya ɗora yatsa a kan inda aka rubuta gaba da baya. Ya ce, “Malam, ni ban sa maka kuɗi a baki ba. Kai ka faɗa, ni na yarda. Da ka faɗi da yawa na biya, da za ka dawo mini da canji?” Wallahi Kawu gaskiya ya faɗa, ita ce kuma ta fi ba ni haushi.

Dogo ya ce mu wanke sama-sama mu jiƙa wurin kafin a zo dubawa, mu karɓi ciko mu tafi. Ni kuma ina tunanin ko in ajiye aikin. Ban san wanda zan ɗauka ba. Kaina ya yi zafi, abinci ma ba ya shiga.

Inji lafiya lau, kada ka damu da shi.

Ɗanka.

Ɗana,

Salamu alaikum. Muna nan yadda ka sani.

Ba za ka ajiye ba, kuma ba za ka yi na Dogo ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Dogo yunwar gidansa ce ke magana, ban ga laifinsa ba, amma sunana ne a jikin amalanken nan.

Baƙin mai ba ƙarfin feshi ke ɗaga shi ba. Ka samo garin katako wurin masu yankan katako, kusan kyauta ne, ka zuba ya kwana ya tsotse. Ka share, ka sa sabulu, ka bar shi ya jiƙu, a goga da buroshi, sannan inji ya zo ya ɗauraye. Ruwan zai ragu da rabi. Kuma ko me za a yi, kada ka bar inji yana aiki duro ya kusa ƙarewa. In kan injin ya ja iska maimakon ruwa, minti kaɗan ya ishe shi ya ƙone.

Kasona na wannan aikin ka manta da shi, zan nemi cikon wani wuri. Asarar aiki ɗaya ba ta kashe sana'a muddin inji na tashi.

Layinka na ƙarshe ne ya tsaya mini. Ban tambaye ka lafiyar inji ba.

Kawunka.

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da girmamawa, ina gai da Inna. Matar ɗanka ce. Ka yi haƙuri da rubutuna, kuma bai san na rubuto ba.

Takardarka ta zo kwana uku ke nan, tana aljihunsa, ya kasa amsawa. Ni kuma na gaji da ganin ana ɓoye maka abin da yake naka ne. Kawu, inji ya ƙone. Ranar da ya rubuto maka cewa lafiya lau, injin yana wurin makanike a kwance. Ɗanka ne ya so ya ƙarasa wani lungu da ɗan ruwan da ya rage a duro don kada ya sayi tanka ta uku. Dogo ya ce masa ya kashe, ya ce saura kaɗan. Makanike ya ce kan injin ba ya gyaruwa, sai sabo, kuma kuɗin sabon ya fi kuɗin aikin gaba ɗaya.

Dogo ya tafi wurin masu wankin mota, ya ce in an gyara a kira shi. Ban riƙe shi a rai ba, yana da marar lafiya.

Shi kuwa baban yara kullum da safe yana tafiya da buroshi da bokiti biyu. A durƙushe yake goge bayan masaukin nan, yana bin yadda ka rubuta, da garin katako da sabulu. Sabulun ya cinye masa tafin hannu, sai na shafa masa mai na ɗaure da tsumma kafin ya iya riƙe cokali. Jiya na bar yara wurin maƙwabciya na je na taya shi ɗibar ruwa. Ya yi faɗa, na ce in ya gama faɗan ya miƙo bokiti.

Ni ma na yi masa nawa faɗan, har na ce masa mutum ba ya sayen akuya daga jin kukanta a bayan katanga. Amma ka san ba rashin hankali ne kaɗai ya kai shi ba. Tun ranar da aka ɗaga maka zuwa likita karo na biyu yake cewa shi ya jawo, don kasonka ba ya zuwa da yawa. Da ya ga babban aiki sai ya ji tsoron kada ya faɗi kuɗi mai yawa ya kuɓuce masa.

Yanzu yana maganar sayar da amalanke da gadonmu. Ina tsoro, Kawu. In inji bai tashi ba ban san abin da za mu ci wata mai zuwa ba.

Allah ya ƙara girma.

'Yarka.

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, kaina a ƙasa.

Ta gaya mini ta rubuto maka. Na yi fushi na rabin yini, daga baya na ga ta sauke mini kaya. Na yi maka ƙarya a kan injinka. Wannan ya fi ƙonewar damuna, kuma ba ni da abin cewa sai ka yafe mini.

An gama aikin jiya, kwana goma sha ɗaya. Mai masaukin ya zaga ko'ina, ya goga takalminsa a inda janareto yake, ya ce bai taɓa sanin daɓen ja ne ba. Ya biya cikon daidai, bai rage ba, bai ƙara ba. Da na biya mai tanka da sauran haƙƙin Dogo, abin da ya rage na sayo maganin hannu da shi.

Ban fita daga harabar ba sai ga abokinsa, mai wata makaranta, wai an ba shi labarin wani mai wanki mai sauƙin kuɗi. Yana so in yi masa tasa harabar a farashin nan. Na ce sai na zo na zaga, na ga ruwa, na gwada daɓen, kuma kuɗin zai kai ninki uku. Ya yi dariya ya ce ashe yabo ne ke sa mutum tsada. Yau da safe wata mata ma ta kira da wannan maganar. Sunan da na yi ke nan a unguwar, mai araha, kuma ko da na yarda ba ni da injin da zan yi da shi.

Masu wankin motar da Dogo yake wurinsu sun ce za su ɗauke ni suna biyana kullum. Na lissafa, in na matse, wata bakwai ko takwas zan haɗa kuɗin kan injin. Na san kafin nan masu ba mu aiki sun koma wurin wasu. In ka ga ya fi a dawo maka da injin ka sayar yadda yake, ko ka ba wanda ya fi ni natsuwa, ba zan ce komai ba. Abu ɗaya nake roƙo, ka je wurin likita ranar da ya sa. Matata ta ce za ta sayar da 'yan kunnenta a cika.

Ɗanka.

Ɗana,

Salamu alaikum. Ka gai da matarka, ka ce ta bar 'yan kunnenta inda suke.

Direba zai ba ka ƙunshi a leda baƙa. Ka ƙirga a gabansa, ka wuce wurin makanike kafin ka shiga gida. Inji in ya yi wata takwas a kwance, gida uku ne za su kwana da yunwa, har da nawa. Ka kira Dogo.

Ƙonewar na yafe. Ƙaryar tukuna, sai na gan ka.

Kada ka rubuto mini godiya. Ka rubuto mini kuɗin kowane aiki kafin ka faɗa wa mai shi, har ranar da zan ce ya isa.

Na je asibiti yau na ce su ba wani ranar tawa. Ma'aikaciyar ta daɗe tana yi mini magana, da alama lallashi ne. Ban san me ta ce ba.

Allah ya tsare.

Kawunka.