Wa Zai Tsaya Maka Kana Ɗurawa?

Zuwa ga Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lahiya, kai da Rabi da yara. Ya aiki, ya zafin Agadas? Mu nan Gazawa sai godiya. Ƙafar Inna da sauƙi, amma har yanzu da sanda take fita.

Bayan haka, tun da aka kore shanun maƙwabtanmu, hankalin ɗan'uwanmu Lawali bai kwanta ba. Da ya zo hutu daga jami'a sai ya ce lalle a aje bindiga gida. Ya nuna mini hotunan bindigogi cikin salula, na ce waɗannan na jandarma ne. Sai muka tahi wurin Baba Maharbi ya zaɓa mana ta toka.

Tsohon ya daɗe yana kallonmu, sannan ya ce ma Lawali, "Ɗan lakol, cikinku wa zai zauna da ita?"

Lawali ya ce, "Habu mana. Ni jibi zan koma."

Baba ya juyo gare ni. "Ɗana, wannan sau ɗaya take magana. In ka harba, wa zai tsaya maka kana ɗurawa?"

Na yi lissafi: kai kana Agadas, Lawali Maraɗi, saura ni da Inna. Haka muka dawo ba mu ɗauko ta ba.

Lawali ya koma. Tabarmarsa har yau ban naɗe ba. Yaya, in da hali ka zo ko na wata guda ne.

Ka sa mu addu'a. Inna tana gaishe ku, a shafa mini kan yara.

Ƙanenka,
Habu