Ka Sauke Fitilar Nan, Abdussamadu

Argungu,
Jihar Sakkwato.
Disamba, 1986.

Zuwa ga sanyin idona, zumar bakina, inuwar da nake gudu gare ta idan rana ta take, Abdussamadu mai kunnen ƙashi.

Na yi maka sallama don sallama haƙƙin Musulmi ce, ba don na huce ba. Kai ne ruwan randa a tsakiyar bazara, kai ne ƙamshin sabuwar shinkafa ranar da aka fara sheƙe ta, kai ne wanda in an ambaci sunansa a gidanmu nake sunkuyar da kai ina neman abin da bai faɗi ba. Duk wannan gaskiya ne, ban janye ko ɗaya ba. Amma da yau kana gabana, wallahi da muciya zan tarbe ka.

Wa ya aike ka? Wane maƙiyin aurenmu ne ya raka ka kanti, ya tsaya yana kallo ka sayi fitilar ƙarau mai rassa, ka ɗauko mai gyaran wuta, ka rataya ta a tsakiyar falon gidan da za a kai ni a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi, bai ce maka kul ba?

Na san inda ka ga irinta, kada ka ɗauka na manta. Bikin ƙawata Nana ne a Birnin Kebbi, ranar da muka raka ta gaida dangin ango. Muna shiga falon nan na ɗaga kai, na ga ƙarau yana reto kamar ruwan sama ya taho ya tsaya bai kai ƙasa ba, na saki baki har Nana ta mintsine ni. Kana bakin ƙofa cikin abokan ango, ka gan ni, ka yi wannan murmushin naka na gefen baki da ya hana ni cin tuwo ranar. Da ka zo zance ka tsokane ni, na ce maka eh, tana da kyau. Tana da kyau na ce. Ban ce ka saya ba. Wata ma yana da kyau, me ya hana ka ciro shi ka rataya mini?

Kai ɗan gidan malamai ne, ka haddace abin da ni ko ƙirga shi ban iya ba, amma abin da kowace tsohuwa mai dakan tsakar gida ta sani ya wuce ka. Namiji nasa gini ne da ƙofa da makulli. Abin da ke cikin ɗaki kuwa, daga tabarmar ƙasa har abin da ke lilo a sama, na uban yarinya ne. Da jere ake gane ɗiya tana da gata. Kai kuwa ka riga malam masallaci, ka fara mana jeren da ba mu roƙe ka ba, kuma da abin da duk wanda ya shigo shi zai fara gani.

Ga abin da ya faru, tun da abokinka Dikko na san rabi ya faɗa maka. Gwaggo Adama, yayar Baba, ta kwashi mata suka tafi awon labule. Dikko ya buɗe musu gidan, kuma don neman suna har da danna makunni yana washe baki, yana jiran a yi guɗa. Ba wadda ta yi. Gwaggo ta dubi sama, ta dube shi, ta ce, “Wa ar rataya wagga? Ɗiyammu marainiya ta, da za a yi mata jere tun ba mu zo ba?” Ko taga ɗaya ba su auna ba suka fito. Labari kuwa ya riga motarsu isowa. Yanzu daga bakin rijiya har wurin niƙa maganar ɗaya ce: wai ango ya duba ya ga gidan Ummaru, wato gidanmu, ba za su iya ba, ya taimaka musu.

Da iyakarta ke nan da na daure, bakin mata ba yau ya fara ba. Abin da ba ka sani ba shi ne Baba ya riga ya sayi tasa.

Ana gama yankan shinkafa ya shirya ya tafi Sakkwato shi kaɗai, mutumin da ko ɗankwali bai taɓa saya da hannunsa ba. Ya ji ana cewa gidajen Birnin Kebbi akwai lantarki, ya ce ɗiyarsa ba za ta zauna ƙarƙashin ƙwai tsirara ba. Ya shiga kantuna da kaushin ƙafarsa yana tambaya har ya zaɓo. Yaran mota suka ce a ɗora kwalin a sama, ya ƙi, a cinyarsa ya rungumo shi har Argungu, ya sauko ƙafa ta yi masa tsami yana ɗingishi. A tsakar gida ya buɗe. Rassa uku ce, gilashinta kore kamar kwalbar lemo, an zana mata furanni ja. Gidanmu ba wutar da za a gwada ta, sai ya ɗaga ta saitin rana yana juya ta, kore ya zubo masa a gemu, ya tambaye ni ko ta yi. Na ce ta yi, Baba.

Ranar da Gwaggo ta dawo tana kumfar baki, ya saurare ta har ta gaji. Bai yi faɗa ba, ina ma ya yi. Cewa kawai ya yi, “Ai tashi ta hi kyawo. A bar mai abinai.” Ya tashi ya tura kwalin ƙarƙashin gado. Tun daga ranar bai ƙara tambayar Inna me ya rage na biki ba. Da safe yakan saɓa fartanya ya nufi fadama, alhali kowa ya san babu sauran aiki a can.

To ka ji abin da ka yi, ya hasken zuciyata, ya mai hasken da ya yi yawa. Ka so ka faranta mini, ka taka mahaifina. Gwaggo ta rantse ba za ta sa ƙafa gidan ba muddin abin nan na reto, kuma ka san in ba ta yi jere ba babu mai kai ni. Ƙannen Baba har sun fara cewa a ɗaga biki zuwa bayan damina. Ni da nake duban hanyar Birnin Kebbi kamar mai jiran ruwan shuka, ni za a ce in ƙara jira saboda ƙarau?

Ka sa tsani ka sauke ta. Da hannunka, kada ka aiki Dikko, na gaji da Dikko. Sa'an nan ka zo ka durƙusa gaban Baba, bayan gaisuwa ka ce masa falo ba fitila. Ba ƙarya za ka yi ba, a lokacin babu. Kada ka ba shi haƙuri, haƙurin zai fi laifin ciwo, kuma kada ka nuna na rubuto maka. Ka bari shi ya sunkuya ya jawo kwalinsa. In ya ɗaga ta ya tambaye ka ko ta yi, ka san amsa.

Kada ka zaci idona ya rufe. Ta Baba ba ta da kyau, Abdussamadu. Za ta mayar da fuskar baƙinmu kamar masu ciwon shawara, kuma a ƙarƙashinta za mu tsufa, kana yabonta duk ranar da ya kawo mana ziyara. Taka kuwa ban gan ta ba, amma Gwaggo cikin fushinta ta siffanta ta tiryan-tiryan, har na gane irin ta gidan bikin Nana ce ka bi ka nemo. Na shiga ɗaki na yi kuka. Wannan ya fi komai ba ni haushi, don ka hana ni in ƙi ka yadda ya kamata.

Kada ka mayar da ita kanti, kada ka ba kowa. Ka naɗe kowane ƙarau da tsumma, ka rufe kwalin ka ɗora bisa kabad. In Allah ya ba mu ɗiya, ya raya ta, ranar jerenta kai ne uba, ba mai hana ka rataya ta. Ina roƙon Allah ya ba ka suruki mai hankalin da zai bar maka silin ɗinsa fayau.

Taka ce ni cikin fushi, taka ce in na huce, ba ni da wani bayanka har a lulluɓe ni da ƙasa. Amma ka fara sauke fitilar.

Laure Ummaru