Mitar da ke Ƙarƙashin Matattakala

Litinin, 6 ga Nuwamba

Kamfanin wuta da gas sun sake turo saƙo wayar Mama. Ni nake karanta mata saƙonni, don haka ni na fara gani. Da bazara muka shiga tsarinsu na tsayayyen farashi, wanda ba ya hawa sai shekara ta zagayo. Ashe da sharaɗi: dole su zo su cire tsofaffin mitocinmu su saka sababbi, irin masu aika lissafi da kansu. In ba mu ba su rana ba kafin ƙarshen watan nan, za su mayar da mu farashin kowa da kowa. Abin da gwamnati ke ba Mama ko yanzu da ƙyar yake kai mu ƙarshen wata, ga sanyi yana zuwa.

Mama ta ce, "Ki rubuta musu ki ce mun mutu."

Na ce in mun mutu ai yanke wutar za su yi.

Ta yi dariya. "To ki ce muna jinya, Tegan. Ke ce mai boko."

Ba mitar ce ta dame mu ba. Mutum ne zai shigo gidan nan.

Laraba, 8 ga Nuwamba

Ban taɓa rubuta wannan ba ko a nan, amma bari in rubuta.

Tun da Baba ya rasu, ina firamare lokacin, Mama ba ta zubar da komai. Da kayansa ta fara, sai jaridu, sai abin da take sayowa a shagunan gwanjo: labule, tukwane, 'yan tsana, fitilun da ba su da ƙwai, rigunan da ba sa shiga kowa a cikinmu. Yanzu daga ƙofar gida zuwa matattakala hanya ce siririya, sai mutum ya karkace yake wucewa. Falo ya cika har taga. A kicin muna kaiwa ga kai ɗaya na kukar gas ɗin da muke girki a kai, da famfo, shi ke nan. Kayan makarantata a cikin leda nake ɗaure su don kada su ɗauki wari, turaren da Anti Bev ta ba ni kuma ina fesawa a bakin ƙofa kafin in fita.

Anti Bev ƙanwar Mama ce, tana can bayan tashar jirgin ruwa. Ita ma a bakin ƙofa ake tsayar da ita. Ta daɗe da daina tambaya.

Mama ta sha faɗa mini: "Ran da wani ya ga cikin gidan nan, ran nan ma'aikatan kula da yara za su ɗauke ki. Ni kuma ba ni da kowa sai ke." Ba da faɗa take faɗi ba. Tana taje mini kai take faɗi.

Mitocin biyu suna cikin ɗan siton da ke ƙarƙashin matattakala. Ƙofar siton ma ba a ganinta.

Juma'a, 10 ga Nuwamba

Malama Pickering ta ba ni maki mafi yawa a aji a gwajin kimiyya, ta karanta sunana da ƙarfi. Ji na yi kamar in shige ƙarƙashin benci. Bayan an tashi ta tambaye ni me ya sa Mama ba ta taɓa zuwa taron iyaye ba. Na ce ciwon baya.

Lahadi, 12 ga Nuwamba

Na yi tunani sosai, kuma ina ganin na samo hanya. Mai mita ba ruwansa da gida, ruwansa da sito. Daga ƙofar gida zuwa sito ba nisa. In na share wannan wurin tas, na rufe ƙofar falo da ta kicin, na rataye labule a saman matattakala, zai shigo ya ga gida kamar na kowa. Ɗan duhu kawai.

Na faɗa wa Mama. Ta ce, "Ba za a zubar mini da ko tsinke ba."

Na ce matsar da su kawai zan yi.

"Ina?"

Na ce kicin.

"To da me za mu dafa shayi, sarauniya?"

Na ce butar lantarki tana ɗakinta a sama, za mu iya da biredi da miyar gwangwani na 'yan kwanaki.

Na zaɓi rana a waya. Talata ta sama da wadda za mu shiga. Sun rubuta cewa dole a sami babba a gida. Wannan ban karanta mata ba tukuna.

Alhamis, 16 ga Nuwamba

Yau ranar kwashe shara. Na karya alkawari: akwai jaridun da suka jiƙe suka yi baƙi, ba yadda za a yi in kai su kicin. Kwandonmu ya cika, sai na ɗauki leda biyu da safe na zura a kwandon Mista Thackray na gida na gaba. Ashe yana tsaye a bayan labulensa, kamar kullum.

Ya leƙo da rigar barci. "Kwandona ne wannan, 'yar nan, ba na gari ba. Lambar gidana ce a jikinsa, ko ba a koya muku lamba a makarantar?"

Na yi ta ba shi haƙuri. Ya duba ledar, ya dube ni. Ya ce, "Bar su. Amma ki gaida mamanki, in har yanzu tana ciki."

Na wuce makaranta da sauri.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Wuni guda ina jido. Mama ta zauna a matattakala tana ba kowace leda labarinta. Wannan daga kasuwar Lahadi, wannan ranar ana ruwa, wannan Babanki zai so ta. In na ɗaga abu sai ta ce, "A hankali, ba kifi ba ne." Mun yi dariya sau da yawa, abin mamaki. Da muka kai ga ƙofar sito ta ce, "Ka ga ƙofa. Ashe kore ce."

Na tura komai kicin har sai da na jingina kafaɗa kafin ƙofar ta rufu. Akwai wani wari a can ƙasa wajen kukar gas, amma gidan dama wari ne da shi iri-iri.

Na wanke daɓe. Na fesa sauran turaren. Bayana kamar zai tsage.

Litinin, 20 ga Nuwamba

Na faɗa mata maganar babba. Ta ce ba za ta sauko ba. Na ce ta tsaya a sama kawai ta yi magana, ya ji murya. Ba ta ce eh ba.

Talata, 21 ga Nuwamba

Ban je makaranta ba. Ya zo da hantsi, dogon mutum mai furfura, sunansa a ƙirjin rigarsa, Gareth. Ya goge ƙafa a tabarmar ƙofa, abin da ba wanda ya yi a gidan nan tun ban san yaushe ba. Ya tambayi babba. Mama ta ɗaga labulen sama kaɗan ta ce, "Ga ni. Mura nake yi, kada in shafa maka."

Ya ce, "Ki zauna abinki, uwar gida, ni ma matata ta ce in na kawo mata mura a mota zan kwana."

Ya saka mitar wuta lafiya lau. Yana aiki yana ba ni labarin karensa. Na kawo masa shayi daga sama, ya ce ya fi na gidansu. A raina na ce mun tsira.

Sai ya juya ga mitar gas. Ya ɗaura wani ɗan ma'auni a bututu, ya tsaya yana kallo, ya daina labari. Ya ce, "'Yar nan, nuna mini kukarku da tukunyar ɗumama gida."

Na ce ai mitar tana nan.

Ya ce ba haka aikin gas yake ba. Duk abin da ke shan gas a gida sai ya gan shi da idonsa, ya kashe, in ya gama ya kunna ya ga launin wutar. Kuma ma'auninsa yana sauka, wato gas na zurarewa a wani wuri. Ya tambaya ina kicin.

 Ban tare ƙofar kicin ɗin ba. Wannan nake ta juyawa a raina, ina tsaye daf da ita ban tare ba.

Ya murɗa, ƙofar ta buɗe da kanta, ledoji suka zubo kan takalminsa. Ya daɗe yana kallo. Bai toshe hanci ba, na lura. Ya ce a hankali, "Falon ma haka?" Na gyaɗa kai.

Mama ta yi magana daga sama da wata murya da ban san ta da ita ba. "Ka saka abinka ka tafi. Ba leƙen ɗakuna aka aiko ka ba."

Ya ce, "Uwar gida, in na bar gas ɗin nan a buɗe na tafi, wata rana ke da yarinyar nan da maƙwabta duk a jarida za a karanta ku. Ba zan iya kaiwa inda yake zurarewa ba. Dole in toshe shi daga mita."

"A Nuwamba?"

"A Nuwamba. Ki zage ni, na saba."

Ta zage shi kuwa. Ya toshe, ya manna takardar gargaɗi, ya buɗe ƙofar gida don iska. Ya ɗauko mana ƙaramar hita ta lantarki mai ɗumama ɗaki daga motarsa, sannan ya tsaya yana neman inda za a ajiye ta ba tare da ta taɓa takarda ba. Bai samu ba sai wannan wurin da na share.

A bakin ƙofa ya tambayi shekaruna. Na faɗa, sha biyar. Ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, aikinsa ya wajabta masa ya sanar, gida ba ɗumi ga yarinya a ciki. Na roƙe shi. Ban san na iya roƙo haka ba. Ya ce, "Na sani, 'yar nan. Ki yi haƙuri." Ya manta kofinsa rabi a kan daɓe.

Laraba, 22 ga Nuwamba

Mama ba ta yi mini magana. Ba ruwan zafi. Numfashina ina ganinsa a ɗaki.

Juma'a, 24 ga Nuwamba

Wata mata ta zo daga ma'aikatar kula da yara, Misis Odell, da jaka da takalmi mai laushi. Mama ta ƙi buɗewa, sai suka yi magana ta ramin wasiƙa na jikin ƙofa, matar a durƙushe a kan dandamali, Mista Thackray yana share ƙofar gidansa da ba ta da datti.

Daga baya ta same ni a makaranta, a ofishin Malama Pickering. Na shirya abin da zan ce: gyara muke yi, kaya ne na ɗan lokaci. Ta tambaye ni a ina nake yin aikin gida na makaranta. Na ce a kan gado. Ta ce yaushe rabon da in ci abinci a tebur. Sai na ji bakina yana ta magana, har maganar leda da turare. Malama Pickering ta juya tana kallon taga.

Sun kira Anti Bev. An ce in zauna wurinta har a buɗe hanya, a gyara bututu, a mayar da gas. Ba a ce an ɗauke ni ba. Matar ta maimaita wannan sau biyu.

Da na je ɗaukar kayana Mama tana zaune kusa da hitar da bargo biyu. Ta ce, "Na faɗa miki." Shi ke nan abin da ta ce.

Lahadi, 3 ga Disamba

An kawo ƙaton kwandon ƙarfe na zuba shara an ajiye a ƙofar gidanmu. Anti Bev tana zuwa kullum bayan aiki, su yi ta faɗa da Mama a kan kowace leda. Ta dawo jiya da jan ido ta ce, "Uwarki ta yi kuka a kan murfin tukunyar da ba ta da tukunya. Ni ma sai na taya ta, ji shashanci."

Kamfanin sun ce tunda an saka mitar wuta kuma an rubuta dalilin ta gas, sun ɗaga mana ƙafa har bayan sabuwar shekara. Farashin yana nan. Na karanta saƙon, ban ji komai ba.

A gidan Anti Bev ana iya tafiya daga ƙofa zuwa taga a miƙe. Na yi hakan da ba ta nan.

Alhamis, 14 ga Disamba

Sun share hanya har sun kai ga kukar gas. Robar bututun ce ta tsage a baya, nauyin kaya ya danne ta. An canja, an mayar da gas shekaranjiya, gida ya yi ɗumi. Misis Odell ta ce ɗakina da kicin sun yi, zan iya komawa duk lokacin da na so, za ta riƙa leƙowa.

Mama ta kira da yamma, karo na farko. Muryarta ta dawo irin ta da. Ta ce ta dafa naman niƙa da dankali a kan wuta biyu lokaci guda, kamar matar gwamna. Ta ce sabon abin nan mai nuna lissafi, wanda ya zo da mitar, yana ta yi mata ja da kore, ba ta gane kansa, sai mai boko ta zo. Na yi dariya. Sai ta ce ta wuce ta shagon gwanjo ta ga wata fitila, ƙarama ce, don teburina.

Ta ce, "Yaushe za ki dawo, Tegan?"

Na ce gobe in an tashi makaranta.

Ina son Mama. Wannan ba ya cikin tambaya. Jarrabawar gwaji ce kawai ta matso, kuma nan ya fi kusa da tashar bas. Anti Bev ta tambaye ni ko ta fito mini da jakata daga saman kabad. Na ce ta bari tukuna, kada ta hau kujera da wannan gwiwar tata.