Hannu a Ƙirji

Daren Asabar, watan Afrilu, 1982

Da sassafe na fita ƙauyen Summerfield, a nan ƙasar Turawa, da kyamarata, don fim ɗin hoto mai launi ba ya son rana tsaka. Na hango wasu furanni shuɗɗa a bayan shingen wata gonar dawaki, na tsallaka abina. A gida wa ke neman izini kafin ya ratsa gona?

Ina kwance rub da ciki ina saita kyamara, sai inuwa ta rufe furen. Na ɗauka gajimare ne, ina ta jira ya wuce. Da na ɗago, wani dattijon Bature ne tsaye a kaina da bindiga.

Na durƙusa, na kai hannu ƙirji zan gaishe shi yadda Baba ya koya mini. Ya ɗaga bindigar, ya daka mini tsawa: "Fito da hannunka daga rigar nan!" Wallahi kalmar shahada kaɗai ta zo bakina. Da ƙyar na ce furanni nake ɗauka. Ya dube su, ya ce ciyawa ce, in ɓace masa da gani.

Maƙwabcina Malam Sani ya ce in gode Allah, kada Mama ta ji. Ba za ta ji ba. Amma tun ina yaro hannu a ƙirji ke fitar da ni daga laifi, yau shi ya kusa kashe ni. Gobe in na haɗu da dattijo, ina zan sa hannuna?