Jar Saniyar Baba Ardo

Birnin Kudu, daren Laraba, bayan Isha'i

Yau muka buɗe nunin zanen ɗalibaina na ƙarshen shekara, karo na uku ke nan. Hedimasta, Malam Sule, ya ga bangon aji cike da shanun da yara suka zana da jan ƙasa da gawayi da ƙaro, ya ce, "Malam Habu, gwamnati ta aiko mana fenti daga Ingila, kai kana sa yara wasa da laka? Goge kafin sufeton makarantu ya iso daga Kano."

Na ce ba zan goge ba. Shanun da ke jikin duwatsun garin nan, da fentin Ingila mutanen dā suka zana su?

Da la'asar Baba Ardo na Kangire ya zo ganin aikin jikarsa Hajara. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ce, "Allahu akbar! Jar saniyata ce, ga karyayyen ƙahonta. Bara ta mutu." Ya shafa bangon. Ya ce gobe zai kawo mutanen rugarsu su gani.

Gobe kuma sufeto zai zo. In korata za a yi, a kore ni. Amma in Malam Sule ya isa, ya ɗauki tsumma da hannunsa, ya goge saniyar a gaban tsohon nan mu gani.