Hoton Da Ban Gani Ba

Zuwa ga Rahmatu, sanyin idona, inuwar da nake gudowa idan ranar Abuja ta take tsaka, ruwan farko a kan ƙasar da ta gaji da jira, uwar 'ya'yana, kuma shugabar duk wani mai numfashi a gidan nan, har da ni. Amincin Allah ya tabbata a gare ki, ya bi ki ɗaki ɗaki.

Na san za ki yi mamakin samun takarda daga mutumin da ko bango bai raba ku ba. Ke kika jawo. Duk lokacin da na buɗe baki zan ɗauko maganar kyamararki, sai ki tuna gas ya kusa ƙarewa, ko ki tambaye ni ko na kira mai gyaran famfo. Takarda kuwa ba a katse ta da zancen famfo. Don haka ki zauna, ya zumata farar saƙa, ki karanta, ki bar ni in yi alfahari da ke har in gaji.

Alfahari fa na ce! Wace mace ce a garin nan irinki? Da Nazeer ya tafi bautar ƙasa, Sumayyah ta koma makaranta, gida ya yi mana faɗi, matan abokaina wasu suka buɗe shagon atamfa, wasu suka kama hanyar Dubai. Ke kuwa kika dawo gida da kyamara mai dogon baki kamar taɓarya. A garin da kowa in ya ga fili sai ya fara lissafin bene nawa zai ɗauka, ke kaɗai ce kike ganin fili ki tambayi wane tsuntsu ke kwana a ciki. Mutane na shiga lambun Millennium su ɗauki hoton sabon ɗinkinsu, ke kina can durƙushe a gefen ruwa kina lallashin mazari ya tsaya. Na karanta tarihin sarakuna da na mayaƙa har idona ya nemi tabarau, ban ga mai haƙurinki ba a cikinsu. Da suna da rabinsa, da littattafan ba su yi kauri haka ba.

Kuma dubi abin da kika mayar da ni. Ranar da kika kori farin sukari daga gidan nan, bayan abin da ciwon sukari ya yi wa Baba, Allah ya jiƙansa, na yi miki jawabi mai tsawo a kan haƙƙin miji da shayin safe. Kika saurara har na dasa aya, sannan kika nuna min obin ɗin gasa kek da ɗan yatsa. Yau ga ni, babban ma'aikaci da furfura a gemu, ina tsayawa a kasuwar Zuba ina zaɓen ayabar da ta fara ɗigo-ɗigon baƙi, wadda masu tallar ma suke jin kunyar nunawa. Ina zuwa har Karshi wurin Labaran mai zuma, yana ɗiga min a bayan hannu ina lasa ina gyaɗa kai kamar alƙali. Na san dabino sai an jiƙa shi a ruwan ɗumi an cire ƙwallo kafin a markaɗa. Na san zuma tana saurin ƙona saman kek, sai an rage wuta. Na san mazarƙwaila tana son citta da ɗan kirfa. Kek ɗina na farko, da na kai wa masu ginin rukunin gidajen bayanmu, da sun sa shi a harsashi. Amma yanzu fa? Bartholomew na ofishinmu kullum sai ya aiko wa Hajiya da godiya, a zatonsa ke kike gasawa, ni kuwa ina karɓa a madadinki, ban taɓa gyara masa ba.

Haka Asabar ɗinmu ta zama, ya hasken safiyata. Ki fita bayan asuba, ni in kunna obin ina addu'ar kada a ɗauke wuta. Ki dawo bakin hijabinki jiƙe da raɓa, tsabar ciyawa ta manne miki har gwiwa, ki same ni da gari a gira. Ki miƙo min ɗan gilashin kyamara in ga abin da kika kamo, in miƙa miki yanka mai ɗumi ki ji abin da na gasa. Wane sarki ne ya taɓa irin wannan musaya?

Kin tuna safiyar da na bi ki bakin tafkin Jabi, sau ɗaya tak a tarihi? Ruwa ya kwanta kamar madubi, zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya kamar babban sakatare yana jiran direba. Ni kuwa na buɗe jarida tana ta ƙara. Ba ki juyo ba, ba ki ɗauke ido daga kyamara ba, kika miƙo hannun hagu kika ɗora a gwiwata. Shi ke nan. Na daskare. Sauro ya sauka a kunnena, ya ci ya ƙoshi ya yi hamdala, ban motsa ba. Da zalɓen ya soka baki ya ɗago da kifi yana walƙiya, na ji ƙaras, sannan na ji saukar numfashinki. Wallahi, Rahmatu, na tsufa ina kallon fuskar nan, amma ban taɓa ganin ta ta haskaka kamar lokacin ba. Har yau in na tuna, wurin da tafinki ya zauna sai ya yi ɗumi.

Ke kika koya min sha'anin marai, ɗan tsuntsun nan rawaya mai baƙar fuska da ke rataya sheƙarsa a bakin reshe kamar ƙaramin kwando. Kika ce namijin ne ke saƙa, in ya gama ya rataye kai ƙasa yana kaɗa fiffike, macen ta zo ta leƙa, ta ja zare ɗaya da baki, in bai yi mata ba ta tashi ko waiwaye babu, shi kuma ya warware ya sake sabo. Kina ba ni labarin kina gutsurar kek ɗina kina juya shi a baki a hankali. Nan take na gane ɗan'uwana.

Duk daminar bana kina bin bishiyarsu da ke bakin rafi a lambun bayan unguwarmu, kina jiran abu ɗaya: lokacin da macen za ta yarda ta shiga. Kika sha ruwan sama, kika sha cizon tururuwa. Sai ranar nan Allah ya ba ki. Ruwa ya ɗauke, rana ta ɓullo ta bayan ganye, shi yana rataye fiffike a buɗe, ita rabin jikinta a cikin sheƙa, ɗigon ruwa na lilo a ƙasanta. Kika danna. Kafin ki sauke hannu sai ga mai gadin kamfanin da ya zagaye gefen lambun da kwano, yana tambayar wa ya turo ki, wai oga ya hana ɗaukar hoto. Ya tsare ki a gaban masu motsa jiki, ya sa kika goge duk abin da ke ciki, yana tsaye a kanki. Kika dawo gida, kika ɗora jakar a saman wardirob, kika ba ni labarin a taƙaice kina naɗe sallaya. Kek ɗin ranar ko kallonsa ba ki yi ba. Daga nan ba ki sake fita ba.

Wayyo, Rahmatu! Kin san yadda gidan nan ya koma? Asabar tana zuwa ta wuce kamar Talata. Ina gasawa, kina ci, kina cewa Allah ya yi albarka, ba ki kushe ba, ba ki ce citta ta yi yawa ba. Ni da na saba da alƙali mai tsanani, me zan yi da wannan albarka marar gishiri? Tsuntsu ya yi kuka a bayan taga, in ga kunnenki ya tashi, sannan ki mayar da kai kan abin da kike yi. Wannan ne ke karya min zuciya, ya kurciyata.

Kada ki ce na zauna. Na je wurin da manyan kaya da katin aiki da Turancin da na tanada tun a mota, na tarar da ƙofar kwano a kulle da wani kare da bai damu da muƙamina ba. Na zare ɗan katin kyamarar na kai wa masu gyaran waya, ko za su dawo da abin da aka goge. Suka yi iya yinsu, hoto ɗaya ya dawo: kek ɗina na kwakwa da ya rufta a tsakiya. Shi kam ko gogewa ba ta kashe shi.

Don haka ban ga hotonki ba, kuma ba zan gan shi ba. Amma ki ji da kyau: babu hoton da nake alfahari da shi a duniya kamarsa. Na ba da labarinsa a ofis, na ba da shi a ƙofar masallaci, har na fara ƙara masa bakan gizo. Wanda ya sa kika goge shi ya goge abin da ke cikin kati ne kawai. Idon da ya hango, da haƙurin da ya jira damina guda, da ɗan yatsan da ya san lokacin dannawa, duk suna nan gidana suna shan shayi ba sukari. Ya za a yi mutumin da bai san marai daga kaza ba ya zama shi ne mai magana ta ƙarshe a kanki?

Ga abin da na gano kuma. Tsallaken rafin ba na kowa ba ne, hanyar masu zuwa gona ce, daga can ana ganin bishiyar sarai, rana ma tana bayanki. Na je da kaina, na nutse a taɓo har ƙauri, takalmina ɗaya yana can ya zama na gwamnati. Sheƙunan suna nan, mazan suna ta saƙa. Sai dai damina ta fara naɗe kaya, ke kika ce da ta wuce rawayarsu take dushewa. Kuma na ga an shafa wa jikin bishiyar jan fenti, kin san abin da hakan ke nufi a garin nan: sara ya kusa. In ba ki ɗauke su ba, wa zai shaida sun taɓa zama a wurin?

Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, ana idar da asuba zan shiga mota in tayar, da burodin dabino a naɗe da shayi a fulas. Zan riƙe jaka, zan riƙe lema, zan riƙe bakina. In kin sauko, ni ne mafi sa'a a cikin maza. In kuwa ba ki sauko ba, ya sarauniyar zuciyata, to ki sani zan sauke jakar nan da kaina, in je in ɗauki hotunan da hannun nan nawa da bai taɓa ɗaukar mutum da kansa a haɗe ba, in wanke su manya-manya, in rataye a falo, in rubuta sunanki a ƙasan kowanne. Yayyenki mata suna zuwa ziyara ƙarshen wata.

Ki ceci sunanki, Rahmatu. Ki sauko.

Naki jiya, naki yau, naki har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa, kuma ina roƙon Allah ya sa a can ma ke ce,

Abdulhakim