Kujerarki Tana Sauka Dutse, Inna

Zuwa ga Innata,

Sallama da gaisuwa, Allah Ya haskaka makwancinki. Na san wannan takarda ba za ta isa hannunki ba. Ko kina raye ma sai an karanta miki, kuma da tun layi na biyu kin katse mai karatun. Yau kam ba ki da halin katse ni, don haka zan faɗi abin da ke raina har ƙarshe.

Gero ya yi kyau bana, albasar fadama ce ruwa ya ci rabinta. Akuyarki mai tsinken kunne ta haifi biyu. Ina nan ina ɗinkin akumarin jakuna kamar yadda kika bar ni. Ƙanenki, Kawu Sanda, ya daina amsa gaisuwata, zan zo kan dalili.

Inna, na yi fushi da ke. Ban faɗa ba ranar da muka kai ki, ban faɗa ba ranar sadaka, amma fushin yana nan. Kututturen dawa ne fa kawai ya soke ki a ƙafa. A lokacin hukumar En'e ta riga ta buɗe ɗakin magani a Rabah, mutanen Tursa suna zuwa a wanke musu gyambo su dawo da ƙafarsu. Mu kuwa muna bisa dutse. Hanyar da Nasara suka sa aka share ta bi ta ƙasa, inda auduga da haraji ke bi, ba wanda ya tuna da mu. Jaki ba ya sauka wannan gangare da mai kumburarriyar ƙafa. Shi ya sa muka kawo gadon kara, mu huɗu, za mu ɗauke ki. Kika dube shi kika ce ba za ki hau makara da idonki biyu ba. Na roƙe ki har na durƙusa, kika juya fuska bango. Mi ya fi miki ciwo, a gan ki kwance bisa kan maza, ko ki bar 'yarki Hassi da cikin fari ba uwa? Daga baya mun ɗauke ki ɗin, bisa wadda ba a neman izinin mutum.

Da fushin ya ɗan lafa, sai na ga kina da gaskiya a wuri ɗaya. Abin makara ne. Mutum huɗu, mutum kwance an lulluɓe shi, masu ɗauka sun yi tsit, duk wanda aka gamu da shi a hanya sai ya tsaya yana salati. Wane mai rai zai yarda? Ba ke kaɗai kika ƙi ba, tsofaffin tungarmu da yawa haka suka tafi.

To, na ɗauki kujerarki, wadda kike zama kina tuƙa tuwo. Na saƙa mata majingina da kaba. Na rataye ta da igiya tsakanin gora biyu, don ko gangare ya yi tsanani mazaunin ba ya karkata. Inda gorar ke hawa kafaɗa na cusa mata ƙaiƙayi kamar akumari. Mutum biyu ke ɗauka, don hanyar ba ta ɗaukar huɗu. Na kewaye ta da tsohon zanenki na saƙi saboda matan aure, na bar 'yar kafa ta gaba. Ranar gwaji da buhun gero na fara, sannan ni na hau. Igiya ta tsinke, na gangara cikin geza, tunga duka ta sha dariya har da liman. Da kina nan ke za ki fi kowa.

Doka ɗaya na kafa wa masu ɗauka: ba a yin shiru. A yi hira, a gai da duk wanda aka gamu da shi, kuma wanda ke bisa kujera shi zai amsa da bakinsa. Gawa ba ta amsa gaisuwa, kowa ya san wannan.

Malam Buba makiyayi muka fara kaiwa, ya dawo da ƙafarsa. Ta biyu tsohuwa Gambo ce, ta cika a hanya kafin mu kai ƙasa. Nan Kawu ya samu abin faɗa. Wai ina ja da ƙaddara, wai na mai da kujerar 'yar'uwarsa abin tallar marasa lafiya zuwa hannun Nasara, wai kujerar kayan gado ce, a kwance ta a ba shi. Na ce masa ƙaddara ba ta hana shi jiƙa saiwa in cikinsa ya murɗa. Na san ba haka kika koya mini magana da manya ba. Ban janye ba, kuma ba zan janye ba.

Inna, ba a gaya miki ba, cikin farin Hassi bai zo da rai ba. Ta sha doguwar naƙuda, mu maza muna zaure ba abin da muka iya. Bana da na biyun ya tashi, aka wuni, ungozoma ta fito tana girgiza kai. Kawu ya tare ƙofa ya ce ba 'yar gidansu da za a fitar. Mijinta ya sunkuyar da kai. Na ratsa ta gefen Kawu, na ajiye kujerar a bakin ɗakinta. Hassi ta dube ta, irin kallon nan naki sak. Sai ta shafa gefen da wuta ta taɓa lasa, ta gane kujerarki ce. Ta ce a kama ta ta zauna. Mijin nata, Allah Ya yi masa albarka, shi ya ɗauki gorar baya.

Muna sauka tana amsa gaisuwar mutane da 'yar muryarta, ni kuwa kowace amsa ina jin kamar an ba ni ruwa. Malamin ɗakin magani ya duba, ya ce aikin ya fi ƙarfinsa, ya tare mana motar auduga zuwa Sakkwato.

Ta dawo, Inna. Zaune ta hau dutsen nan, da 'ya mace a cinyarta. Sunanki aka raɗa mata. Kawu bai zo suna ba, ya aiko a gaya mini yana jiran kujera. Na mayar masa da cewa rabon Hassi ce, ita kuma ta ce a bar ta rataye a zaure, duk mai bukata ya zo ya ɗauka, har da shi.

Har yanzu ina tambayar kaina, da ita na kawo miki ranar nan, da kin hau? Na san ki da taurin kai, amma ki tuna wa ya gaje shi. Takwararki dai ta hau, ba ta yi gardama ba.

Ki huta lafiya. Sauran faɗan sai na iso.

Ɗanki mai kunnen ƙashi,
Ummaru mai akumari